Talabijin Mai Son Dambe

Duk yaron da aka kawo min shago ya koyi aiki, maganarsa ta farko ba ta sauyawa. Wai wannan ai ba sana'a ba ce, ka jona ɗan akwati a bayan tibi, ka sa masa lambar waifai, ka kama gabanka. Nakan ce masa madalla, jawo benci. Ba na musu da wanda bai taɓa sallama a gidan haya da jakar aiki a kafaɗa ba. Labarin gidan Alhaji Tanimu na Dogarawa kawai nake ba shi, inda wata 'yar lamba da ba ta kai tsawon yatsa ba ta kusa sa a mayar da wata tsohuwa ƙauye da sunan mayya.

Sunana Iliyasu, amma a Sabon Gari in ba ka ce Ilu Mai Eriya ba, babu wanda zai nuna maka shagona. A hannun Oga Sunday na koyi aiki, wani Bayarabe mai gyaran rediyo da tibi a Unguwar Gabas, mutumin da ya yi imani cewa kunnen yaro shi ne makunnin ƙwaƙwalwarsa, sai an murɗa take kamawa. Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Filaya, sukundireba, testa, dalma da ƙarfen narka ta, sai wata doguwar gora. Aikina na farko shi ne in hau rufin kwano da tsakar rana ina juya eriya, Oga yana ƙasa cikin inuwa yana shan lemon masu gida, yana faɗin in ƙara kaɗan, in dawo, na wuce. Da dish ya shigo ma a saman rufi na ci gaba da zama. Na san rufin gidajen Sabon Gari fiye da ƙofofinsu, har akwai gidan da in ba daga sama na gan shi ba, ba na gane shi.

Shekarar da ta fi gwada ni ita ce wadda waɗannan 'yan akwatunan kallo na intanet suka cika kasuwa. Mutane suka daina kiran mai dish. Na wuce wani gida na ga dish ɗin da na sha wuyar saitawa an sauke shi ana shanya kuɓewa a ciki. A wani gidan kuma kaza ce ke kwanci a kai, ta kalle ni na kalle ta. Na koma gyaran tocila da dutsen guga, har mai ɗakina ta fara tambayata ko na iya yanka awara daidai wa daida. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, sai dai ni ban ma san ta ina ake jin sabon kiɗan ba.

A Samaru na same shi. An kira ni gyaran fanka a wani gidan 'yan makaranta, na tarar da wata ɗaliba mai suna Hadiza tana juya tibi da wayarta, babu rimot. Na ajiye furfurata a bakin ƙofa na ce ta koya min. Muka shirya a kan zan gyara duk fankar da ke gidan, ita kuma ta nuna min.

Ta ce, "Baba, abu ne simpul. Ka ga wannan rautar mai raba intanet a gidan? Duk abin da ya hau kanta sai ta ba shi lamba, ita ce adireshinsa. Mu ai-pi muke ce mata."

Ta nuna min jerin lambobi da ɗigo-ɗigo a tsakaninsu. Na gida ɗaya duk farkonsu iri guda ne, ta ƙarshe ce ke bambanta. In kana son waya ta yi maka aikin rimot, sai ka gaya mata wannan lambar. Idan da rimot, ka shiga saitin akwatin, ka gangara wajen haɗin intanet, za ka gan ta a rubuce. Idan babu, sai ka shiga cikin rautar ta waya ka duba waɗanda ke kanta. Abin da ya fi zauna min shi ne da ta ce in ɗauki rauta tamkar kwandastan motar Samaru zuwa Sabon Gari. Wanda ya riga shiga shi ke samun kujerar gaba. Ƙananan rautocin nan kuwa ba su da riƙo, da an ɗauke wuta kowa ya sauka, da an kawo a sake rububin kujera. Ta ce a wasu ƙasashen abin ba ya damun kowa, don wutarsu ba ta tafiya. Na ce Allah ya nuna mana.

To, aikin gidan Alhaji Tanimu. Tsohon mahauci ne da ya bar wa 'ya'yansa sana'a, yana zaune a ɗakunan gaba, 'yan haya na baya. Kunnensa ya yi nauyi sosai, kuma kamar duk mai wannan lalura, yana ganin kowa ma haka yake, don haka raɗarsa ana jinta a titi. Rauta ɗaya suke amfani da ita a gidan, suna karo-karo su sa mata data. Saƙon da ya aiko min shi ne akwatinsa ya yi taurin kai.

Na isa bayan la'asar. Tun daga zaure na ga gidan ba daidai ba. A ƙarshen tsakar gida wata tsohuwa na zaune a kan ɗaurarren buhun kaya, ta juya wa kowa baya. Kusa da ita wani saurayi ne mai ƙunar walda a hannu, ya sunkuyar da kai. Matan gida kuwa kowa ta ja 'ya'yanta ƙofar ɗaki.

Alhaji ya ja ni gefe don ya gaya min a asirce, gidan duka na ji.

"Malam Ilu, ka zo mana a mummunan lokaci. Ka ga tsohuwan can? Uwar Bitrus ce, ɗan hayana na kusa da ita, mai walda a Chikaji. Ni na ce ya ɗauko ta daga ƙauye, don mijin ya rasu, ɗakinta kuma damina ta rushe shi. Ashe da rakiya ta zo."

Ga yadda abin yake. Akwai wata 'yar haya, Maman Chinedu, mai sayar da garin kwaki da manja a kasuwa, haifaffiyar Sabon Gari da ta fi ni iya karin magana. Kullum da yamma takan bar wa ɗiyarta rumfa ta dawo ɗora girki, ta kunna fim ɗinta. Ita kuma tsohuwar, Kaka Saratu, da ta ji motsin tibi sai ta zo bakin ƙofa ta zauna. Ba a jimawa sai fim ya ɓace, 'yan dambe su bayyana, ƙara ta yi ta hawa da kanta har kwanukan ɗaki su ɗauki rawa. Kowa ya watse, tsohuwa kuwa ta gyara zama tana tafi. Da aka tambaye ta, maimakon ta yi rantsuwa sai ta ce, "Ni kam in na zauna yakan kawo min."

An yi iya yi. Maman Chinedu ta shafe akwatin da man addu'a har yana zillo a hannu. Wata maƙwabciya ta kawo hayaƙi. Alhaji da kansa ya zo ya sunkuya ya yi wa tibin tofi, nan take ya mutu ɗif, darajar Alhaji ta ƙaru a unguwa, har aka fara kawo masa yara masu fitsarin kwance. Washegari dambe ya dawo. Daga nan duk abin da ya lalace a gidan sai a kalli tsohuwa. Ɗan tsako ya mutu, ita ce. Miya ta yi tsami, ita ce. 'Yan haya suka ce ko ita ko su, Alhaji ya yanke cewa gobe da safe Bitrus zai mayar da ita ƙauyen da ba ta da ko rufin da za ta fake a ƙarƙashinsa.

Abin ya sosa min rai, ba zan ɓoye ba. Amma ni mai gyara ne, ba alƙali ba, kuma ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Na ce Alhaji mu ga akwatin.

Tibinsa na kunne, akwatin ya tsaya a shafin farko yana kallonmu. Na tambayi rimot. Ya ce ragon layyar bara ya tauna shi, ba a samu komai ba sai batir ɗaya. Tun lokacin wanda ya sayar masa da akwatin ya saita masa waya, ya kuma ajiye masa wani wuri da in ya taɓa, dambe zai fito kai tsaye. Abin yana aiki lafiya, sai kwanan nan ya tsaya. Bai kira ni da wuri ba don ya zaci rashin sabis ne, kullum yana gwadawa ko ya dawo.

Babu rimot, ke nan sai ta rauta. A nan yara kan ce ai sauƙi. Rautar gidan tana can saman katanga cikin bokitin fenti da aka kifa mata saboda ruwa, kalmar sirrinta kuma tana manne a ƙarƙashinta, gizo-gizo ya yi gida a kai. Na hau turmi na karanta, na shiga ta wayata. Sai ga akwatunan gidan reras, duk sunansu ɗaya, domin a shago ɗaya aka saye su. Kamar ka shiga makarantar allo ka ce Muhammadu ya tashi.

Dabarar a nan tsohuwa ce, irin ta Oga Sunday. Ka cire filogi ka ga wanda ya ɓace. Na zare na Alhaji, lamba ɗaya ta ɓace. Na duba wadda ke cikin wayarsa, ba ita ba ce. Ta cikin wayar tana nan daram a kan rautar, wato wani akwati a gidan yana zaune a kujerar Alhaji. Da na mayar da filogin kuma akwatin bai tashi ba. Wani sabon sitabilaiza ne a bayan tibin yake ƙifta ido, irin wanda in an kawo wuta sai ya ɗan jira ya tabbatar ta natsu kafin ya saki.

Na ce, "Alhaji, yaushe ka sayi wannan?"

"Ba saya na yi ba. Bitrus ya kawo min, godiyar na bar uwarsa ta zauna. Yaron kirki ne wallahi. Tun da ya sa shi wutan nan bai sake ƙona min komai ba."

A nan na gano bakin zaren. Tun ranar da tsohuwa ta sauka a gidan, akwatin Alhaji ke makara a tasha. Na miƙa masa wayar na ce ya nuna min yadda yake yi.

Ya gyara tabarau, ya taɓa wurin damben. Shiru. Ya sake. Sai ya koma kan maɓallin ƙara ya yi ta danna shi kamar mai kashe cinnaka. A can ɗakunan baya kalangu ya ɓarke. Na ji faɗuwar tukunya, na ji gudun yara, na ji Maman Chinedu, wadda Hausarta kan gudu in ta tsorata, tana kiran Yesu da Turancin kasuwa. Wata mata na faɗin ai ga shi daga nesa ma tana iyawa, ko juyowa ba ta yi ba.

Alhaji ya kalle ni cikin takaici ya nuna tibinsa. "Ka gani? Shiru kake ji."

Ku yara, a nan sana'ar take. Gano lambar ya ƙare, saura faɗa. Dattijo ne, mai gida ne, ya riga ya yanke hukunci a gaban jama'a, ga shi an fara kawo masa yara tofi. Da wani ne sai in raɗa masa a kunne ya san yadda zai gyara abinsa. Wannan kuwa ba a yi masa raɗa. In na buɗe murya na ce Alhaji kai ne, na tozarta shi, kuma dattijon da aka tozarta yakan kafe a kan bakansa ko da ya ga gaskiya, tsohuwa ce za ta kwana a ciki. Sai na ga gara idonsa ya gaya masa, tunda shi lafiyarsa lau.

Na ce ya zo mu duba tibin Maman Chinedu, ya riƙo wayar. Na roƙi Bitrus ya fita da mahaifiyarsa waje gaba ɗaya, har tsallaken titi wajen mai lemo, inda kowa zai shaida ba ta kusa. Ta tashi ta bi shi. Ko buhun ba ta kalla ba.

Gidan ya taru a ƙofar Maman Chinedu, amma daga baya-baya. An lulluɓe tibin da zane, 'yan dambe na ta fama a ƙarƙashi. Na yaye zanen na ce, "Alhaji, taimaka ka rage ƙarar da wayarka, irin yadda kake yi a ɗaki."

Ya danna. Ƙarar tibin ta sauka. Shi bai ji ba, amma ya ga layin ƙarar yana ja da baya a fuskar tibin. Ya tsaya. Ya danna sama, layin ya hau. Ya danna ƙasa, ya sauka. Jama'a suka koma kallon babban yatsansa, su kalli tibi, su sake kallon yatsan. Ya kashe, ya kunna. Ya sa wayar a bayansa ya danna, ko abin zai ruɗe. Bai ruɗe ba.

Can ya ce, da muryar da shi a wajensa ƙasa-ƙasa ce, "To ni ne mayen ke nan?"

Babu wanda ya amsa, don ba a san amsar da ba za ta jawo takardar tashi ba. Na yi masa bayanin mota da kwandasta da kujerar gaba, da ƙarfi, ina nuna sitabilaiza da hannu. Na ce wayarsa lambar kujera ta sani, ba ta san wanda ke zaune a kai ba, kuma akwatunan nan masu araha ba sa tambayar waye ke ba su umarni.

Ya ce, "To ranar da na yi tofi ya mutu fa?"

"Wayar tana aljihun gabanka, ranka ya daɗe. Da ka sunkuya ciki ya danne ta."

Ya shafa cikin. "To ai dai ya mutu," in ji shi.

Maman Chinedu ce ta fara dariya, dariyar ta zarce da kuka, ta fita da gudu ba ɗankwali ta tsallaka titi. Ni kuma na shiga sauran aikina. Na bi ɗaki-ɗaki ina cire filogi ina gane akwatin kowa, na raɗa masa sunan mai shi, na ɗaure masa lambarsa a cikin rauta yadda ko sau nawa aka ɗauke wuta kujerarsa na jiransa. A wannan zagayen na ga hita a ɗakin da aka rantse wa Alhaji babu, na ga kuma wayoyin maƙwabta a kan rautar da ba su taɓa sa hannu a karo-karo ba. Mai shiga gidajen mutane ido yake da shi, ba shi da baki. Wannan ma ku riƙe.

Da na fito an dawo da Kaka Saratu. Maman Chinedu na durƙushe tana riƙe da ƙafarta tana neman gafara, sauran mata sun kewaye ta, kowa na faɗin ita dama tun farko ba ta yarda ba. Bitrus ya yi mata bayani a hankali, cewa ba ita ba ce, wayar Baba Alhaji ce. Na zaci za ta yi murna. Sai ta kalli tibin ta ƙofa, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya kara hannu a kunne. "Me ta ce?"

Bitrus ya maimaita. Alhaji bai ji ba. Maman Chinedu ta gwada, kuka ya hana ta. Aka juyo ana kallona, don an ga tun zuwana ni ke iya kai masa magana. A rayuwata na yi ihu daga rufin gidaje da yawa, amma ban taɓa jin nauyin ɗaga murya irin na ranar ba. Na tsaya a tsakar gida na faɗa da iyakar ƙarfina.

"Ta ce ta san ba ita ba ce. Ta ce mijinta ɗan dambe ne. Tun da ta zo garin nan ba wanda ya tambaye ta abin da take so, sai ta zaci akwai wani a gidan nan da ya sani."

Matan da ke faɗin ba su yarda ba suka sunkuyar da kai. Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya kalli wayar da ke hannunsa.

Ya ce, "Akwai mana. Ni ne. Ban dai san ina yi ba." Ya juya wajen Bitrus. "Kai kuma tsayuwan me kake yi? Je ka kinkimo tibina da wannan sitabilaizan naka, ku kawo nan ƙarƙashin rumfa. Uwar Bitrus, kwance kayan nan, ba inda za ki."

Ta sunkuya ta kwance bakin buhun. Tabarmarta ce a sama, ta zaro ta shimfiɗa. Na sa wa wayar Alhaji lambar akwatinsa ta gaskiya, ya taɓa, dambe ya fito inda ya kamata. Kafin in gama tattara kayana Alhaji da Kaka Saratu sun fara gardama. Shi ya ce dogon ne zai yi kisa, ita ta ce bai san dambe ba, ya dubi ƙafar gajeren. Gajeren ne ya yi kisa.

Nakan tsaya a nan in tambayi yaron ko har yanzu aikin jona waya ne. Wasu su yi dariya, wasu su ɗauki jaka su bi ni. In hanya ta bi da mu Dogarawa bayan la'asar, ba na nuna musu gidan, da kansu suke ganewa. Tun daga bakin titi ake jin kalangu, domin har yau maɓallin ƙara a hannun Alhaji yake, kuma a duk gidan nan babu wanda ya taɓa fitowa ya ce a rage.